Yawun Zuriyar Dagilas

Tun da Rufus Dagilas ya ajiye aikin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ya rasa abin da zai riƙa bincike a kai, sai ya koma kan sunansa. Yana zaune a barandar gidansa da ke bayan kasuwar citta, ya faɗi sunan a hankali, ya sake faɗinsa da ƙarfi, har ya gano abin da ya ce ya shige wa kowa duhu tun zamanin kakanni. Dagilas dai sunan mutanen Sikotlan ne, can ƙasar Turawa, kuma a ganinsa duk inda sunan ya je, jinin ma ya je.

Labarin da ya haɗa shi ne, cikin Turawan da suka shimfiɗa layin dogo akwai wani injiniya Dagilas, dogo mai jan gashi, wanda ya bar 'ya'ya a duk inda aiki ya tsayar da shi. Duk wani Dagilas na kudancin Kaduna daga shi ya fito, kuma gidan Rufus ne babban reshe. Shaidarsa ita ce hancinsa, wanda ya ce yana da tsini in an dube shi ta gefen hagu, da kuma yadda yake son shayi.

Matarsa Bernice ta ce duk unguwar na son shayi, madara ce ba kowa ke da ita ba. Game da hanci kuma, ta ce ta daɗe tana kallonsa ta hagu da ta dama, ba ta ga abin da zai sa a sayi tikitin jirgi ba.

Ita hankalinta na kan wani abu dabam. 'Yarsu ɗaya tilo, Peculiar, wadda take aikin nas, za ta auri Boaz, wani mai sayen citta daga Kagoma. Shi ma sunan gidansu Dagilas. Lokacin da ya fara zuwa neman aure, sai da dattawan gidajen biyu suka zauna suka bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, domin a wurinsu masu jini ɗaya ba sa aure, komai nisan dangantakar. Ba su sami komai ba. Ƙauye ba ɗaya ba, yare ma ba ɗaya ba. Aka karɓi akuya da gishiri, aka sa biki bayan girbi. Saboda haka Bernice ta roƙi mijinta ya bar sunan nan ya huta har a gama biki. Rufus ya ce ai saboda bikin ne ma yake sauri, don kada mai gabatarwa ya kira shi uban amarya kawai, kamar wanda ba shi da tarihi.

Ya ɗauki ɗan acaba ya shiga yawon neman dangi. A Nok ya sami wata tsohuwa, Milka Dagilas, tana shanya dawa. Ta ce uban mijinta ne ya zaɓi sunan ranar baftisma, don ya ji daɗinsa a kunne. A Kagarko wani tela, Patrick Dagilas, ya ce kakansa a makarantar mishan ya samo shi, domin a lokacin sunan wanda ya kawo yaro ake rubuta wa yaron. A Kagoma kuwa Meshak, mahaifin Boaz, ya ce bai san inda sunan ya fito ba, kuma rashin sanin bai taɓa hana cittarsa girma ba.

Wani zai karaya, amma Rufus ya dawo gida yana murna. Ya ce labari uku daban-daban a kan suna ɗaya, ai wannan alama ce ta an ɓoye wani abu, kuma Bature kaɗai ke iya ɓoye abu da tsari haka. A makon ya kafa Ƙungiyar Zuriyar Dagilas ta Duniya, Reshen Najeriya, ya naɗa kansa shugaba. Da ya ga a waya mazan Sikotlan suna ɗaura zane mai gida-gida, ya cire wanda Bernice ke shimfiɗa wa tebur ranar Kirsimeti, ya ɗaura a kan doguwar safa, ya fita kasuwa. Mata masu sayar da tumatir suka tambaye shi ko ruwa aka ɗauke masa yana cikin wanka. Ya ce jahilci ne. A hanyar dawowa a kan acaba bakin zanen ya shiga ƙafar babur, ya sauka a shataletale da gajeren wando, ɗan acaban yana warware tarihin Sikotlan daga cikin sarƙa yana tsaki.

Bayan wannan ya ga magana ba za ta rufe bakin mutane ba, sai kimiyya. Ya kira Doreen, 'yar ƙanwarsa da ke aiki a Landan, ta aiko masa da kayan gwajin DNA ta hannun wani mai dawowa gida. Ba wani abu ba ne illa 'yar kwalbar roba, tsawon yatsa, da layi a jikinta. Mutum zai tofa yawu har layin, ya rufe, a mayar, can su duba su faɗa masa inda kakanninsa suka fito. Rufus ya yi mako yana shan shayi da biskit kawai, wai don jinin Turawan ya farka kafin a auna shi. Tuwo ya ce zai rikita na'ura.

Ana gobe zai tofa, sai ga yayansa Asher da sanda, ya zo daga ƙauye. Ko zama bai yi ba.

"Rufus, ni na mutu ne?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan? Zauna a kawo ruwa."

"Sabon hatsi ba ka isa ka sa a baki kafin ni ba. Naman farauta ba ka isa ka taɓa kafin ni ba. Yanzu za a tambayi kakanni, kai ƙarami za ka buɗe baki?"

Rufus ya yi bayani cewa kwalbar ta mutum ɗaya ce. Asher ya ce to shi ne mutum ɗayan. Kafin a sasanta, labari ya kai Nok da Kagarko da Kagoma cewa shugaba zai aika da yawun gidansa kaɗai, ya ci gādon Sikotlan shi da iyalinsa. Ranar Asabar tsakar gidan Rufus ta cika da Dagilas iri-iri, kowa ya zo da bakinsa.

A nan ne Rufus ya nuna shugabanci. Ya hau kan benci ya ce dama shirinsa ke nan, gwajin zuriya gaba ɗaya, wanda ya fi na mutum ɗaya ƙarfi kamar yadda miya mai kayan haɗi ta fi ruwan gishiri. Aka tafa. Peculiar tana wurin aiki, ba ta san abin da ake yi ba. Bernice ta ce duk wanda ya taɓa mata kwano zai ga abin da bai taɓa gani ba, ta shiga kicin ta kulle. Rufus ya ɗauko kofin shayinsa.

Sai rigimar wa zai fara. Asher ya ce shi ne. Kambai, yayan Meshak, wani siririn tsoho mai jar hula, ya ce lokacin da yake kiwon awaki Asher ko wando ba a fara sa masa ba. Aka yi ta lissafi da shekarar fāri da shekarar da gada ta karye, har aka ba Kambai. Ya tofa da goro a bakinsa. Asher ya bi, da nasa goron. Kofi ya zaga bisa girma, Milka ta tofa a madadin mijinta marigayi, tela ya tofa sau biyu don ƙaninsa na Abuja bai samu zuwa ba. Rufus ya juya da cokali, ya ɗura a kwalba har layi, abin ya fito ja kamar zoɓo. Ya ɗaga shi sama ya ce su dubi launin, su tuna da gashin kakansu. Aka yi addu'a aka rufe.

Makonni suka wuce, aka cire citta, aka fara shirin biki. Sai Doreen ta turo saƙo cewa gwajin bai yiwu ba. Masu binciken sun ce da alama yawun mutane da yawa ne a kwalbar, na'ura ta kasa raba wannan da wancan, amma za su aiko da sabuwar kwalba. Ta ƙara da tambayar Kawu me ya yi wa abin.

Rufus ya karanta, ya tsallake farko, ya tsallake ƙarshe, ya riƙe tsakiya. Na'urar Landan ta kasa raba su. Ya buga cinya. Ya aika wa 'yan ƙungiya duka su zo coci ranar Lahadi, akwai godiya ta musamman.

Suka zo kuwa. Bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, Rabaran Henry ya ba da dama ga masu shaida, Rufus ya fito ɗaure da zanen tebur da aka ɗinke inda sarƙa ta ci, 'yan ƙungiya a bayansa. Ya karɓi makirufo ya ce shekara da shekaru ana yi masa dariya, yau Ubangiji ya share masa hawaye. Na'urar da ta fi kowace na'ura a duniya ta duba yawun Dagilas na Kafanchan da na Nok da na Kagarko da na Kagoma, ta kasa gane wane ne wane. Ya jawo Meshak kusa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce daga yau kowa ya sani, jininsu ɗaya, uba ɗaya ya haife su. Zumuntar mata ta ɗauki waƙa, aka buga ganga, Rufus ya taka rawa har kujerarsa.

Da waƙa ta lafa, Rabaran ya gyara tabarau ya shiga sanarwa. Ya karanta sanarwar aure tsakanin Boaz Dagilas da Peculiar Dagilas, ya ce kamar yadda aka saba, in akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya faɗa.

Kambai ya miƙe a hankali, ya cire jar hularsa.

"Rabaran, ni ban san komai ba. Amma yanzu-yanzu uban yarinya ya ce yaron nan wanta ne. Mu a Kagoma ba ma auren ƙannenmu."

Cocin ya ɗauki hayaniya kamar kasuwa. Boaz ya riƙe kai. Peculiar, da ke cikin mawaƙa, ta juyo ta kalli mahaifinta. Rabaran ya rufe littafinsa ya ce an dakatar da sanarwa har dattawa su warware. Bernice ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar gefe, Rufus na binta yana cewa ai ƙaramin abu ne, zai gyara shi kafin Laraba.

Ranar Litinin ya tafi Kagoma. Ya tarar da dattawa a ƙarƙashin mangwaro, ya ce musu Baturen mata biyu ya yi, su 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ɗan ɗaya ɗakin. Kambai ya ce 'yan uba ma ba sa aure. Rufus ya ce to a Sikotlan 'ya'yan wa da ƙani suna aure, kuma tunda su mutanen can ne, dokar can ce ta hau kansu. Kambai ya ce madalla, ya kwashe su ya kai su can a ɗaura, su kuma za su jira hotuna. Da Rufus ya ga hanya ta toshe, sai ya rage murya ya ce, in za a faɗi gaskiya, reshen Kagoma ba daga injiniyan kansa ya fito ba, daga mai yi masa wanki ne.

Meshak, wanda tun farko bai damu da Sikotlan ba, ya tashi tsaye.

"Jiya a gaban coci ni ɗan'uwanka ne, yau ni jikan mai wanki? To zaɓi ɗaya. In ɗan'uwa ne, babu aure. In mai wanki ne, dawo mini da akuyata, 'yar sarauta ta fi ƙarfin gidana."

Akuyar kuwa an riga an cinye ta. Rufus ya dawo Kafanchan da yamma, ya tarar mai ɗinkin rigar amarya ta aiko tambaya ko ta ci gaba, 'yan zumuntar mata sun zo jaje kamar an yi rasuwa, maƙwabcinsa kuma ya leƙo ta katanga yana gaishe shi da Turanci ta hanci. A tebur babu abinci sai kofin nan nasa, da biskit biyu a gefe. Bernice ta ce ba ta so tuwo ya rikita masa na'ura.

Peculiar ta dawo daga aiki, ta zauna gabansa da rigar nas ɗinta. Ta tambaye shi, a natse, mutum nawa ne suka tofa a kwalbar. Ya ce bai ƙirga ba, amma duk manyan mutane ne. Ta ce in ta haɗa jinin duk marasa lafiyan ɗakinta a kwalba ɗaya ta kai ɗakin gwaji, ba za a ce 'yan gida ɗaya ba ne, korarta za a yi.

"Dadi, ni ban hana ka zama Bature ba. Ka zama, ka ɗaura labule ma in kana so. Amma Boaz nake so in aura, kuma bakinka ne ya tsaya a ƙofar."

Rufus ya buɗe baki zai kawo tarihi, ya ga idonta ya cika da ruwa, ya mayar ya rufe.

Sabuwar kwalba ta iso, Boaz ya sa Doreen ta haɗo da ta biyu. Wannan karon Peculiar ce ta riƙe aikin. Ta zaunar da mahaifinta a ɗaki ɗaya, Meshak a wani, ta hana goro, ta hana shayi, ta hana jawabi. Asher ya sake zuwa da sandarsa da maganar babba da ƙarami. Ta ba shi kwalbar magani da babu komai a ciki, ya fara tofawa kafin kowa, ya tafi da girmansa.

Jiran ya yi tsawo. Ranar bikin da aka sa ta zo ta wuce, Rufus bai fita baranda ba. Yana addu'a safe da yamma, sai dai shi kansa bai san abin da yake roƙo ba. In Bature ya fito a jikinsa da na Meshak, ya ci gardama ya rasa suruki. In bai fito ba, 'yarsa ta yi aure, shi kuma ba shi da sauran fuskar shiga kasuwa. Wata rana Bernice ta ji shi yana roƙon a ba shi Baturen shi kaɗai, ko da kaɗan ne, a hana Meshak.

Da sakamako ya zo, Rabaran ya tara gidajen biyu a ofishinsa. Ofishin ƙarami ne, amma tagoginsa manya, kuma kowace taga ta cika da kawuna. Peculiar ta karanta daga wayarta. Tsakanin Rufus da Meshak babu dangantaka, ta kusa ko ta nesa. Kakannin Meshak duk daga wannan yanki na Afirka suke. Kakannin Rufus ma haka.

Rufus ya ce ta ja ƙasa, irin wannan abu a ƙasa ake sa shi. Ta ja. Ya ce ta ƙara ja. Ta ce an kai wurin da ake tallar wani gwajin. Ya tambaya ko babu ko Ingila, ko wata ƙasa da ke maƙwabtaka da su, ko da wanda ya wuce ta wurin ne. Wani daga taga ya ce a duba gefen hagu. Dariya ta fashe har Rabaran ya sunkuyar da kai yana gyaran takardun da ba su buƙaci gyara ba.

Boaz ya miƙe zai rungumi kowa, Kambai ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san na'ura ba, kuma ba na'ura ce ta tsaya gaban ikilisiya ta ɗaure maganar nan ba. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance, a wurin da ya ɗaura, a gaban waɗanda suka ji.

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje, har da waɗanda rabonsu da sujada tun bikin Ista. Rufus ya fito sanye da wando. Ya karɓi makirufo ya fara da cewa, a matsayinsa na mai bincike, dama tun farko yana da shakka, kuma duk abin da ya yi ya yi ne don ya gwada ko na'urorin Landan suna aiki da gaske. Rabaran ya yi gyaran murya. Rufus ya ce kuma ba ƙaramin mutum ne zai iya tara Nok da Kagarko a kofi ɗaya ba. Rabaran ya miƙo hannu zai karɓi makirufo. Rufus ya juya ya ga Peculiar a cikin mawaƙa, ta haɗa hannu a ƙirji tana jira.

Ya ja numfashi.

"Jama'ar Ubangiji, ni Rufus Dagilas, ba Bature ba ne. Ubana ba Bature ba ne, kakana ma haka. Mutumin nan Meshak kuma ban haɗa komai da shi ba. Ban san shi ba, ban san kakansa ba, ko a hanya danginmu ba su taɓa gaisawa ba."

Tun da aka gina cocin ba a taɓa jin Amin mai ƙarfin wannan ba. Mata suka yi guɗa, mai ganga ya kama aiki ba a sa shi ba, Kambai ya mayar da hularsa. Rabaran ya buɗe littafi ya sake karanta sanarwar, ya yi tambayar da aka saba, ya ɗan jira yana kallon uban amarya ta saman tabarau. Babu wanda ya motsa.

Meshak ya taso daga kujerarsa, ya ratsa layi har gaba, ya kama hannun Rufus da hannu biyu.

"To, baƙo," ya ce, "tunda ka tabbatar ni ba kowanka ba ne, sai ka ba ni 'yarka."